Ƙarshen Labarin Yana Bakin Malam Sahabi

Ba zan faɗi sunana ba. Ba wai kunya ba ce, kunyata ta riga ta ƙare tun a gaban alƙali. Ina da ƙanne mata da ke zaman aure a Jega, ba na son a riƙa nuna su da baki a gidan biki saboda ni. Wanda ya san ni zai gane ni tun kafin ya kai tsakiyar labarin, wanda bai san ni ba kuma labarin ya ishe shi. Da ku nake, samari, musamman ku masu son karatu, domin ni ba shaye-shaye ne ya kai ni gidan yari ba, ba kuma miyagun abokai ba. Ni kaɗai na kai kaina, da littafi a hammata.

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Jega, ya rasu ina sakandare. Mahaifiyata ita ta ƙarasa rainonmu da sana'ar ƙuli-ƙuli. Ni yaro ne mai shiru, ba na faɗa, ba na yawon banza, salla ba ta wuce ni. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Da na gama makaranta babu aikin yi, sai na riƙa bin mota zuwa Aliero lokacin albasa, ina ɗinkin buhu a kasuwa. Ranakun da babu ɗinki kuwa, in ka neme ni ka rasa, to ina laburare.

Wannan laburare ba wani babban wuri ba ne. Ɗaki biyu ne, na waje da na ciki, wasu tsofaffin malaman makaranta suka haɗa kai suka buɗe don yaran gari. Wanda suka ɗora a kansa shi ne Malam Sahabi, mutumin Alelu, tsohon malamin firamare, siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Kullum da safe zai jingine kekensa a gindin dalbejiya, ya share ɗakin da kansa, sannan ya zauna. Akwai littattafan addini, da na jarrabawa, da na noma, amma kantar da ta fi ja na ita ce ta kusa da taga. Nan ne labaran ɓarayi da 'yan damfara da masu kisan kai suke, da jami'an da ke bin sawunsu, wasu da Hausa, wasu da Turanci.

Malam ba ya barin ka ɗauki littafi da kanka. Sai ya dube ka ta saman tabarau, ya tambaye ka wanne ka karanta a baya, me ya burge ka a ciki, sannan ya miƙe ya zaro maka wanda ya dace da kai. Mai gajen haƙuri a ba shi na ɓarayin banki, inda ake tsere da mota tun shafin farko. Mai natsuwa a ba shi wanda aka tsinci gawa a ɗaki kulle ta ciki, a yi ta lalube har a gano ta inda mai kisan ya fita. 'Yan mata sukan so na wata tsohuwa mai saƙa da ke gano mai laifi daga hirar maƙwabta. Ni kuwa ya ce kaina yana ja, don haka ya riƙa ba ni masu sarƙaƙiya, na 'yan damfara masu sa babbar riga. Wallahi na ji daɗin wannan yabo fiye da yadda ya kamata.

To, littattafan nan suna da wani ciwo. Yawancinsu tsofaffi ne da aka kawo kyauta, zafin garinmu ya busar da gam ɗin da ya riƙe su, kuma abin da ke fara zubewa shi ne bangon baya da shafukan ƙarshe. Sai ka yi ta karatu zuciyarka na bugawa, jami'i ya tara kowa a falo zai faɗi mai laifi, ka juya shafi ka ga babu komai. Amma Malam ya karanta su duka tun suna da lafiya, ƙarshen kowanne yana cikin kansa. Daga nan ya mai da abin al'ada. Ba ya faɗa wa kowa ƙarshe sai ya dawo da littafin. Yakan ce, “Kawo littahi, in ba ka ƙarshe.” In ka kawo, ya sa ka zauna a kan benci, ya tambaye ka wa kake zargi da kuma dalilinka, sannan ya gyara murya ya ƙarasa maka labarin. Yana yi yana kwaikwayon muryar ɗan sanda da ta ɓarawo, har masu karatun jarrabawa su ajiye biro su saurara. Da wannan dabara littafi bai taɓa ɓata masa ba.

Na sha zama a kan bencin nan. Amma sannu a hankali sai na lura da wani abu game da kaina: ni ba jami'in nake bi ba, ɗan damfarar nake bi. In ya tsara dabara ta tafi daidai, sai in ji daɗi har cikin raina. In Malam ya kawo inda aka sa masa ankwa, sai in ji kamar ni aka ci wa mutunci. Wata rana ya ƙarasa mini labarin wani gwani da ya yaudari attajiran birni guda, aka kama shi saboda ya manta ya canza takalmi. Haushi ya kama ni, na ce, “Malam, wanga mutum ba ɗan sanda yak kama shi ba, marubuci na. Da ba don mai alƙalami na son ya rufe labari ba, da har yau shina cin duniyatai.”

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya ce, “Kai kuma kana ganin ba ka da mai rubuta naka?”

Na yi dariya, na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Daga ranar ban sake zama a kan bencin ba. Sai in daidaici lokacin da ya fita alwala, ko yana fama da wasu yara, in ajiye littafi a kan tebur in ce ina sauri. Shi kuma bai fasa zaɓa mini wani ba. Haka na karanta littattafai masu yawa, na kwashe dabarun da ke cikinsu, na bar masa ƙarshen.

Abin ya fara ne daga bakin buhu. Duk mai ɗinki a Aliero ya san yadda ake yi wa buhun albasa fuska: manya masu sheƙi a sama, matsakaita a ƙasa. Wannan kowa na yi, mai saye ma ya sani. Ni sai na ƙara gaba. Wani dillali ya raɗa mini cewa in na iya cusa masu taushi, waɗanda suka fara ruɓa, a tsakiyar buhu yadda hannu ba zai kai ba, zai riƙa ganina da alheri. Na yarda, na cusa su a buhun farko. Buhun ya hau mota ya tafi kudu, ba wanda ya dawo, ba wanda ya kira sunana. Na kwana ina jira sama ta faɗo, ba ta faɗo ba. Na ce a raina, ka gani, ashe a duniyar gaske babu shafin ƙarshe.

Daga buhu hankalina ya koma kan iri. Ku da ba manoma ba, ku sani irin albasa ba ya tsufa da rai. In ya kwana shekara ya wuce, ƙarfinsa ya tafi, ko ka yayyafa shi a ƙasa mafi kyau ba abin da zai fito sai ɗaiɗai. A ido kuwa baƙi ne ƙanana, tsoho da sabo duk ɗaya. Shi ya sa manomi ba ya sayen iri sai wurin wanda ya yarda da shi, kuma ko a nan sai ya gwada. Zai ɗebi kaɗan ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a gindin randa, bayan 'yan kwanaki ya buɗe. In ya ga fararen tsiro sun cika tsumman, ya saya. Iri ya lalace, shekarar mutum ta lalace, domin kafin ya gane lokacin yayyafi ya wuce.

A littattafan da na karanta na koyi abu biyu. Na farko, ɗan damfara na ƙwarai da gaskiya yake farawa. Na biyu, ba ya cin kasuwa da sunansa, sunan mutumin kirki yake ara. Shekarar farko na sayo iri mai kyau na gwangwani, irin na waje, na sayar wa mutanen Gehuru da Danwarai da riba kaɗan. Ya fito kamar gashin kai, aka yi ta sa mini albarka. Shekara ta biyu na bi gonaki na tattara gwangwanayen da aka zubar, na sayi tsohon iri wurin 'yan kasuwa a kan kuɗin banza, na ce maganin gargajiya za a yi da shi. Na murza shi da ɗan man gyaɗa ya yi sheƙi, na cika gwangwanayen, na zuba sabo mai kyau a sama daidai inda yatsa zai ɗiba. Wani maƙerin farin ƙarfe a Maiyama ya liƙe mini bakinsu, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa masa ba. Fuskar buhu ce dai na mayar cikin gwangwani.

Saura suna. Na je wurin Malam Sahabi na durƙusa, na ce ina da kwalayen iri, ɗakinmu yana yoyo, ko zai bar ni in ajiye a ɗakin ciki na laburare tunda akwai sanyi kuma ba ɗigo. Murna ya yi. Ya ce ya ji daɗi da na kama sana'a, da hannunsa ya matsar da tsofaffin jaridu ya yi mini wuri. Daga nan duk wanda ya zo sayen iri sai in ce mu haɗu a laburare. Manomi ya shigo ya ga Malam zaune da tabarau, ya ga littattafai har rufi, ya ga ana gaisawa da ni kamar ɗan gida, to me ya rage? Wasu ko gwajin tsumman ba su yi ba. Waɗanda suka yi kuma daga sama suka ɗiba, ya fito musu fari tas.

Akwai wani dattijo, Baba Altine, manomi a Danwarai, wan matar Malam ne. Shi mutum ne mai taka-tsantsan, irinsa yake ajiyewa da kansa, amma a shekarar ruwa ya shiga rumbunsa ya ɓata. Ina tsaye, da kunnena na ji Malam yana ce masa, “Yaya, saya ido rufe. Wanga yaro ni na raine shi bisa littahi, na san cikinai.” Baba Altine ya sayar da tumakinsa ya kwashi na gonarsa da na 'ya'yansa. Ni na ɗaura masa kwalin a bayan babur, har ina ce masa ya bi a hankali saboda ramuka. Ku ji fa rashin kunya.

Ranar da kwali na ƙarshe ya fita, Malam ya kira ni. Ya zaro wani tsohon littafin Hausa, ba bango gaba ba bango baya, ko sunansa babu, ya sa mini a hannu. Ya ce wannan nawa ne, ya daɗe yana ajiye mini shi. Ya ce in karanta in dawo in zauna, don na daɗe ban zauna ba. Na ce to. Har yau ban sani ba ko ya fara jin wani abu a jikinsa ne game da ni, ko kuwa zaɓi ne kawai irin wanda ya saba.

Ban jira tsiro ba, na san ba zai zo ba. Na haɗa jakata na ce wa mahaifiyata zan je saro kaya. A littattafai na karanta cewa wawa ne ke gudu nesa, mai wayo kusa yake ɓuya, inda ba wanda zai yi tunanin nema. Sai na kama ɗaki a Maiyama, na aske gemu, na sayi baƙin tabarau da hular sanyi, na canza suna. Nan nake lokacin da labari ya iso tasha cewa irin laburare bai fito ba. Fangali bayan fangali, an yi ban ruwa an gaji, sai tsiro ɗaya nan ɗaya can. Manoma suka yi ayari suka zo Jega, ba su same ni ba, suka sami Malam. A ɗakin ciki aka tarar da ragowar gwangwanaye da buhun tsohon irin da na yi ganganci na bari. 'Yan sanda suka tafi da shi a bayan mota, a gaban yaran da yake ba littafi.

A nan ne nake so ku tsaya ku dube ni da kyau. Na ji an kama shi. Ina zaune a teburin mai shayi wani direba yake ba da labari, yana cewa tsoho da furfura, ashe ɓarawo ne, littattafan ɓarayi ya tara yana koyarwa. Tsakanina da Jega tafiyar da ba ta kai a gaji ba ce. Da na tashi na hau mota na je na ce ni ne, da a ranar ya kwana a gidansa. Ban tashi ba. Na shanye shayina, na koma ɗaki, na ce ai ba su da hujja a kansa, za su sake shi. Damfarar iri laifi ne, na yi zaman ɗauri a kansa. Amma wannan zama da na yi a teburin mai shayi, shi ne abin da har gobe in na tuna nake jin ƙyamar kaina.

Ɓuyan nawa ma abin dariya ne. Su waɗancan littattafai a manyan birane aka rubuta su, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba. Ni kuwa a Maiyama nake. Ranar kasuwa na fito da tabarau da hulata ina taƙama ba mai gane ni, wata mai fura ta ɗaga kai ta dube ni sau ɗaya, ta kira ni da sunan mahaifiyata, ta tambaye ni ya ciwon ƙafar tsohuwar tawa, ta ce in gaishe ta. Ba da mugunta ta yi ba, gaisuwa ce kawai. Amma a gefenta akwai masu lodin albasa daga Aliero. Kafin la'asar ina hannu, da littafin Malam a aljihun rigata.

An saki Malam bayan an kawo ni. Ban gan shi ba, bai zo kotu ba. Na amsa laifina don babu abin musu, alƙali ya yanka mini shekarun da ya yanka, aka wuce da ni.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Wari ne, da ƙwarƙwata, da wake mai tsakuwa, da kwanciya a gefe ɗaya don babu wurin juyawa. Abu ɗaya zan faɗa. Da 'yan ɗakinmu suka gane na yi karatu, sai suka ce in riƙa ba su labari da rana in zafi ya hana kowa sakat. Na fara ba su na littattafan Malam. Suka so abin ƙwarai, har ana ba ni wuri kusa da ƙofa inda iska ke shigowa. Amma da waɗanda na ji ƙarshensu a kan benci suka ƙare, duk labarin da na ɗauko, sai in kawo inda za a tona asiri in tsaya, don iyakar abin da na sani ke nan. In na ƙirƙiro ƙarshe da kaina sai su gane, su ce wannan ɗinki ne. Wani tsohon ɓarawon shanu ya sa mini suna Guntule. Rannan ya dube ni ya ce, “Kai dai wawa na. Ka zo ka tambaye mu ƙarshen labarin ɓarawo? Ga shi kana zaune cikinai.” Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma da na juya bango hawaye ne suka zo.

Mahaifiyata takan zo in ta sami na mota, da ƙafarta mai ciwo. A bakinta na ji sauran. Baba Altine bai yi albasa ba a shekarar, ya jinginar da fadamarsa, manyan 'ya'yansa biyu suka tafi ci-rani kudu, ɗaya bai sake dawowa da zama ba. Dattawan da suka buɗe laburare suka zauna suka ce ko Malam bai ci ba, sakacinsa ne, kuma littattafansa ne suka lalata ni. Suka karɓi makulli. Kantar nan ta kusa da taga aka kwashe ta kaf, aka ba masu ƙosai da masu tsire suna naɗe kaya. Iyaye suka hana yara zuwa, ba a daɗe ba aka rufe wurin. Mahaifiyata ta ce ita kanta ta daina zuwa suna da biki, ƙuli-ƙulinta ma sai ta ba yaran maƙwabta su kai kasuwa can nesa da unguwarmu. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A cikin kayana da aka ajiye har da littafin nan, ranar da aka sake ni aka miƙo mini shi tare da rigata. Na riga na karanta shi tun a Maiyama. Labarin wa da ƙane ne. Ƙanen ya yi sata a shagon da suke aiki, ya gudu, aka kama wan aka ɗaure a madadinsa. Bayan shekaru ƙanen ya dawo gari, ya nemi gidan wansa, ya tsaya a ƙofa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Nan takarda ta ƙare.

Na fara da Danwarai. Na tarar da Baba Altine yana yi wa wani ƙodago a gonar da a da tasa ce. Na durƙusa a kan kunyar gona na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dafa fartanyarsa, ya ce shi nasa ya bar wa Allah, ba ya riƙe da ni, amma kada in ƙara taka gonar da yake ciki. Ya ce in ina neman wanda zan roƙa, in tafi Alelu.

Na je Alelu da hantsi. Inna Kulu, matar Malam, ita ta fito zaure. Ta gane ni nan take. Ta ce, “Ka zo ganin aikinka?” Na ce na zo maido da littafi ne, in kuma nemi gafara. Na ɗauka korata za ta yi, sai ta juya ta ce in biyo ta.

Yana kwance a kan tabarma a inuwar rumfa, an jingina shi da filo. Ya rame ƙwarai. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, babu tabarau. Inna ta ce ba a daɗe da karɓe makullin ba ya faɗi a bakin rijiya, tun ranar bai sake furta kalma ba. Yana ji, yana ganewa, amma harshe ya tafi. Mutumin da ke kwaikwayon muryar ɗan sanda da ta ɓarawo, yanzu ko ruwa yake so sai dai ya buga tabarma da hannun hagu.

Na durƙusa na ajiye littafin a gabansa. Na faɗi duk abin da na yi, har da zaman teburin mai shayi, ban rage komai ba. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ban iya karanta komai a fuskar ba don rabinta ba ya motsi. Na juya wurin Inna na tambaye ta ko kafin ya faɗi ya taɓa cewa wani abu a kaina. Ta ce, “Bai taɓa zagin ka ba. Bai kuma taɓa kiran sunanka ba.”

Can sai ya miƙo hannun hagu ya ja littafin, ya tura mini shi, ya buga shi da yatsa. Na rasa me yake nufi, ko cewa yake in ɗauke kayana in fita. Inna ta ce karatu yake so, tun da idonsa ya raunana ba mai yi masa. Na buɗe shafin farko na fara.

Yanzu ina ɗinkin buhu a Aliero kamar da, wurin wanda ya yarda ya ɗauke ni, kuma abin da ke sama shi ne a tsakiya. Na tuba ga Allah, ina fatan Ya karɓa. Na bi masu sayar da tsofaffin littattafai har Birnin Kebbi da Sakkwato ina ba su labarin wa da ƙanen nan, ba wanda ya san shi. Ko da na samu ma, ba na takarda nake nema ba.

Samari, ga abin da zan ce muku. Kada wani ya ce muku littattafan nan ne suka ɓata ni. Yara da yawa sun zauna a kan bencin da na zauna, yau wasu malamai ne, wasu ma'aikatan asibiti. Ku je laburare in kuna da shi a garinku, ku nemi labaran bincike, ku tambayi mai kula da wurin ya zaɓa muku, za su wasa muku ƙwaƙwalwa. Amma ku karanta har ƙarshe, in shafin ya zube ku nemi wanda ya sani ku zauna ku ji. Ranar da kuka ji kuna jin haushin an kama ɓarawo, ku tsorata da kanku. Kada ku raina ruɓaɓɓiyar albasa ɗaya a tsakiyar buhu, daga nan na fara. Kuma duk talaucin da ya ishe ku, kada ku ci abinci da sunan wanda ya yarda da ku. Kuɗi ana biya, ɗauri ana gamawa, amma ni ban san inda zan samo wa Malam sunansa da muryarsa in mayar masa ba.

Duk Juma'a bayan an sauko nakan hau mota in je Alelu. Inna ta shimfiɗa mini buhu, ba ta gaishe ni da fara'a, amma takan ajiye mini ruwa. Na kawo masa wasu littattafan, ya ture su, wannan ɗin dai yake so. Mun karanta shi mun sake karantawa. Duk lokacin da muka kawo inda ƙanen ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ƙofa, sai in tsaya, don babu sauran takarda. Sai in ga leɓensa na rawa, wuyansa ya ɗaure, yana ta ƙoƙari, yana ta ƙoƙari, ba abin da ke fita sai iska da yawu. In sa bakin rigata in goge masa. Na kawo littafi, na zauna, amma har yau ban sani ba ko an buɗe ƙofar.